Lux 1000, Amma A Ƙarƙashin Wace Fitila?

Fototiransistan ɗan ƙaramin kayan lantarki ne da ke sakin wuta gwargwadon hasken da ya faɗa masa. Takardar bayanan da kamfanin da ya ƙera wanda na saya ya fitar ta ce zai ba da kwararar wuta kaza a lux 1000, lux kuwa ma'aunin ƙarfin haske ne. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ba ta ce wace irin fitila aka haska masa ba, kuma rashin wannan layi guda ne ya sa na dawo ina ɓamɓare kayan da na riga na liƙa a jikin bod da dalma.

Aikin ba mai wuya ba ne: na'urar da za ta rage hasken allo idan ɗaki ya yi duhu, ta ƙara idan ya yi haske. Na ɗauki adadin da ke takardar, na lissafa resistan da ya dace, wato abin da ke rage kwararar wuta, na gwada a bakin taga, komai ya zauna daidai. Da aka kafa ta a ofishin da fitilun LED kaɗai ke ci, sai allon ya dusashe kamar dare ya yi, alhali mitar haske da ke hannuna tana nuna ɗakin fes yake.

Abin da takardar ta ɓoye shi ne, lux ma'aunin idon ɗan Adam ne. Ido ya fi jin haske a wajen nanomita 555 (nanomita awon tsawon zangon haske ne, wanda ke nuna launinsa), wato kore mai ɗan rawaya, kuma da an wuce ja ba ya ganin komai. Silikon da ake yin fototiransistan da shi kuwa yana ji har kusan nanomita 1100, ƙarfinsa ma ya fi yawa a yankin infirared da ido bai san da shi ba. Kamfanoni da yawa suna gwaji ne da ƙwan fitila mai zaren tungistin a kelbin 2856 (ma'aunin zafin launin haske), wanda yawancin abin da yake fitarwa infirared ne. Farar LED kuwa shuɗin haske ne na wajen nanomita 450 da aka lulluɓe da sinadarin fosfo, kusan babu infirared a cikinta. Saboda haka lux 1000 na tungistin da lux 1000 na LED ɗaya suke a wurin ido, amma a wurin silikon akwai tazara mai yawa. Hasken rana yana ɗauke da infirared, shi ya sa gwajin bakin taga bai tona komai ba.

Kamfanonin kirki suna rubuta fitilar gwaji a ƙasan tebur, wasu har adadi biyu suke bayarwa, ɗaya na tungistin ɗaya na fitila mai tsawo. Wannan kamfanin bai rubuta ba. Zanen da ya kamata ya nuna yadda na'urar ke jin kowane launi a dushe yake, lambobin gefensa ba sa karantuwa ko an faɗaɗa shafin. Adadin kwararar wutar ma na tsaka-tsaki kawai aka sa, babu mafi ƙanƙanta, babu mafi yawa, ga shi kuwa fototiransistoci biyu daga leda ɗaya suna iya bambanta sosai. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne sun cika shafi guda da awon naɗin robar da ake shirya kayan a ciki, amma sunan fitila ya gagare su. Na rubuta musu ina tambaya, aka sake turo min takardar nan dai.

Na so in koma LDR, wato resistan da juriyarsa ke canzawa da haske, tunda kadmiyum salfaid ɗin da ake yin sa da shi ya fi jin haske kusa da inda ido ke ji. Can ma takardun ba su fi ba. Juriyar LDR tana tafiya da irin hasken da ya sha a baya, wanda ya daɗe a duhu ba zai ba ka adadin wanda ya yini a haske ba, kuma yana ɗaukar lokaci kafin ya daidaita bayan an kashe fitila. Takardu kaɗan ne ke bayyana haka. Ga kuma dokar RoHS ta Tarayyar Turai da ta taƙaita amfani da kadmiyum.

Da na shiga neman madadi sai wata matsalar ta ɓullo: wani kamfani yana awo da lux, wani da miliwat a kan santimita murabba'i a nanomita 940. Ba yadda za ka kwatanta su, domin hasken nanomita 940 ba shi da lux da za a ƙirga.

Na ƙare da na'ura mai matatar infirared a jikinta, wadda takardarta ta faɗi fitilar gwaji ƙarara. Duk da haka yanzu kafin in zana bod, sai na ɗauki samfura da dama na auna su da mitar haske a gefe, a ƙarƙashin tungistin, da LED, da rana. Ina kuma hura musu iska mai zafi a cikin duhu, domin 'yar wutar da ke silalewa ko babu haske tana ƙaruwa sosai da zafi, kuma adadin da ke takarda na digiri 25 ne kawai.