Tarihin Rayuwata, kashi na 9: Mashin din zinare

Assalamu alaikum, wancan satin na tsaya a inda nace muku na sayi mashin din gano zinare a karkashin kasa, to bari in dora daga nan duk da nasan dan Kawu yana karantawa, ya karanta mana, ai ba karya zan masa ba.

A 2018 ne na saya a hannun wani bawan Allah da ya dawo daga Agadez. Yana cikin wadanda suka ruga Djado lokacin da zinare ya fashe a can a 2014, da gwamnatin Nijar ta rufe wurin sai kowa ya kama gabansa. Gold Monster 1000 ne na kamfanin Minelab na Ostireliya, da faifai biyu babba da karami, da abin sawa a kunne. Adashina na makaranta gaba daya na zuba, uwargida ta yi kwana uku bata min magana sai dai ta ajiye tuwo ta juya.

Ni fa ba neman arziki ya kaini ba, wannan ne abin da har yau dangi suka kasa ganewa. Sha'awa ce kawai. Na gani a YouTube Turawa tsofaffi masu fansho suna yawo a daji ranar hutu da mashin, kamar yadda wani ke zuwa kamun kifi, har naji labarin wani a Ostireliya da ya tono dunkule mai kilo 27 a 1980 da irin wannan na'urar. Ranar Asabar bayan asuba sai in daure shi a bayan babur in kama hanyar Jos, in wuce Zaranda da Nabordo in gangara wajen Toro, garin su Inna.

Kawu kuwa da ya ganni da shi dariya yayi har da tari. Shi a hakar kuza ya kare kuruciyarsa wajen Tilden Fulani tun zamanin kamfanonin Turawa, yace "kai yaro, rabon kwado baya hawa sama, in naka ne ko da kwarya zaka wanke shi a rafi." Nace Kawu ai zamani ne. Yace zamanin me.

Kuma wlh watannin farko kamar bakinsa ya kamani. Mashin din baya tabbatar maka zinare ne ko ba shi ba, sai ka koyi jin muryarsa, kusa yayi kara, murfin kwalba yayi kara, bakin yashi da marmara ma saboda karfen da ke cikinsu sai ya dinga kuka ba dalili. Sai ka kwantar da faifan dab da kasa kana lilo dashi a hankali kamar mai shara, in ka daga shi sama ko kayi sauri ka wuce abin baka sani ba. Na tono kofaton karfe, na tono tsohon anini mai huda a tsakiya, wannan har yanzu yana cikin akwatina. Kuma bana taba shiga gonar mutum sai na gaida mai unguwa, kuma nika dutse a gida ban taba yi ba, tun abin da gubar dalma ta yiwa yara a Zamfara a 2010 nake tsoronsa.

Ranar da na samu, bayan ruwan sama ne a gefen wani kwari, karar tazo siririya daban da sauran. Bai kai kwayar masara ba. Na sa a baki na wanke, yayi nauyi a harshe, na zauna a kasa kafafuna na rawa. Kawu na fara kaiwa, ya juya shi a tafin hannu yace "to rabonka ne." Daga nan bai kara ba.

Anan dan nasa ya shigo. Yace Yaya kawo in kai maka Jos na san mai awo na gaskiya, kada a cuce ka. Ni da ba sayarwa zanyi ba, so nake in ajiye in nunawa yara, amma kunyar Kawu ta sa na mika. Shekara nawa yau? Da farko wai mai shagon yayi tafiya, daga baya wai ba zinare bane kuza ce. Kuza! Dan mai hakar kuza ne zai ce min baya bambance baki da rawaya. A bikin kanwarsu ma bara da na ganshi da sabuwar shadda yana rabon goro sai da abin ya taso min, na fita waje na sha iska.

Da Kawu ya kwanta ciwon ajali naje duba shi a asibiti nan Bauchi, ya rike hannuna yana so yayi magana, na dauka zancen zai tayar, sai kawai ya sake cewa rabon kwado baya hawa sama. Har yau ban san ko hakuri yake bani ko dansa yake karewa ba.

Mashin din yana saman wadrob, batirin ya mutu. Sati mai zuwa zan baku labarin yadda aka mayar dani makarantar kauye, da haihuwar 'yan biyu.