Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Ranar da Na Kira Cokali Takalmi

Salam jama'a, satin da ya wuce mun tsaya inda aka sallamo ni daga asibiti bayan hatsarin mashin ɗin nan, kai a naɗe da bandeji, hannun dama kamar na aro. To wallahi ba hannun ne ya fi ci min rai ba, bakin ne. Duk abin da ake faɗa ina ganewa, kalmar ma tana nan cikin kaina amma ina buɗe baki sai wata daban ta fito, ko kuma shiru. Rannan cokali nake so na ce wa uwargida "miƙo takalmi", baiwar Allah ta kawo silifas, na yi jifa da shi, ita kuka ni kuka.

Hajiya kam ta gama yanke hukunci sammu ne, rubutu na sha har na gaji, ban ƙi ba dai. Ƙanina ne ya matsa aka kai ni wajen wata ma'aikaciya mai koyar da magana, ita ta fahimtar da mu cewa yawancin mutane ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ke riƙe da magana kuma shi ke juya hannun dama, nan kuwa na bugu. Sunan ciwon afeshiya, tun 1861 wani likitan Faransa, Broca, ya nuna wurin a kan wani majinyaci da "tan" kaɗai yake iya faɗa.

Can sai ta ce "Malam, karanta min Fatiha." Jama'a tiryan-tiryan ta fito har amin! Hajiya ta miƙe tsaye, "kun gani ko, ga shi yana magana!" Matar ta ce Hajiya ki zauna, abin da aka haddace hanyarsa daban, da shi za mu jawo sauran. Haka muka fara, ƙirga ɗaya zuwa goma, Lahadi Litinin Talata, sai hotunan kofi da buta, ga madubi ina kallon leɓena kamar ɗan firamare, abin kunya abin dariya. Ta kuma gargaɗi 'yan gida su daina ƙarasa min magana, a kashe rediyo, a ba ni lokaci. Wannan dokar ce ta fi ba uwargida wahala.

Sunan 'yata fa har lokacin ya ƙi fitowa, in ta shigo sai dai na nuna ta da hannun hagu. Yadda muka ƙare da shi sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.