Godiya bayan kare aikin allunan rama

Alhamdulillah, jiya aka kare aikin, allunan da muka yi da zaren rama da rezin, wato ruwan roba mai daskarewa, sun tsallake gwajin ja da na lanƙwasa. Waɗanda suka bi mu tun daga jiƙon rama sun san wuyar da aka sha, ba sai na maimaita ba. Har yanzu gajiya ba ta sake mu ba, amma godiya ba ta jiran a huta.

Ta farko ta Malam ce, mai kula da ɗakin gwaji. Ranar da alluna suka fito da kumfa a ciki suna ɓarewa, gabana ya faɗi, don lokaci ya ƙure. Malam ya karya ɗaya ya duba bakin karayar, ya ga zaren ya zare fes, ko ɗigon rezin bai manne masa ba. Nan ya gane damshi ne. Zaren rama yana shan ruwa daga iska, musamman da damina, shi kuwa rezin ɗin foliyesta ba ya shiri da ruwa, sai su ƙi kama juna. Ya sa aka sake jiƙa zaren a ruwan sodar yin sabulu mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 don ya cinye danƙo da dattin bayansa, aka ɗauraye har santsin ya fita, aka busar a oben kan zafin digiri 70 kwana guda cur. Idan sodar ta yi yawa zaren kansa take ci, allo ya yi rauni. Wuta ta ɗauke a daren nan, bawan Allah ya zauna gadin janareto har asuba, ba aikinsa ba ne, ko sisi bai karɓa ba. Malam, Allah Ya jiƙan mahaifanka, Ya raya maka zuri'a, Ya sa ka gama da duniya lafiya.

Shi ne kuma ya tsaya a kanmu wajen zubi: a shafa kaki a jikin mazubi don kada allo ya manne, zare kusan kashi 30 na nauyi, maganin daskarewa MEKP kashi 1 zuwa 2, a rage shi in ana zafi don kada rezin ya kama kafin a gama birgima iska ta fita. Kada kuma a kuskura a haɗa MEKP kai tsaye da kobal, maganin da ke hanzarta daskarewa, gobara ce. Sai a danne allon kwana guda.

Baba mai gonar rama, da ya ba mu dami kyauta ya nuna mana lokacin da bawo yake saki a kududdufi, Allah Ya ba ka damina mai albarka. Inna da ta sa hannu a tsefe zare har yatsunta suka tsage, Allah Ya kai ki Makka. Yaya Babba da ya biya kuɗin rezin, Allah Ya mayar maka da ninkinsa.

'Yan uwan da aka aika wa gayyatar zuwa wurin kare aikin, har aka ajiye musu kujeru a gaba, mun ga uzurinku a waya. Allah Ya bar zumunci, amin.