Kwalbar da na zubar a Gilasgo

Kwana 3 ke nan da na miƙa makullin mashayar otal ɗin, amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne daren da na zubar da kwalbar wiskin Ardbeg. A sati na biyu da fara aiki ne. Wani baƙo ya ce a sa masa ƙanƙara, ina sakawa sai wiskin ya yi hazo-hazo. Na kai hanci bakin kwalbar, wari ya buge ni kamar an haɗa Dettol da tokar murhu. Ban yi wata-wata ba na ba shi haƙuri, na tuttular da sauran a wurin wanke kofuna, a zatona ya lalace.

Manaja ya yi mini tatas a gaban baƙi, ya kuma cire kuɗin kwalbar daga albashina. Laifi nawa ne, ban musa ba. Amma mutumin da bai taɓa zama da ni ko na minti 5 ya nuna mini kayan da ke kan kanta ba, ba shi da bakin kirana jahili. Har yau ban huce ba.

Wata dattijuwar abokiyar aiki ce ta zaunar da ni bayan an tashi. Ta ce, "Ɗana, warin nan shi ake saye." A tsibirin Aila na ƙasar Scotland, inda kamfanonin wiski na Ardbeg da Laphroaig suka kafu tun 1815, ana yanko baƙar ƙasar fadama, ruɓaɓɓen ciyayi na dubban shekaru, a shanya ta, a ƙona ta ƙarƙashin tsiron sha'ir. Hayaƙin ya kama hatsin kamar yadda yake kama kifi banda, ko shekara 10 a gangar katako ba ta raba su. Hazon kuwa, don ba a tace wiskin da sanyi ba ne, maiƙon da ke riƙe da ɗanɗano yana ciki.

Ni ba na sha, da hanci na koya. A sami kofi mai tsukakken baki, a shinshina a hankali, kada a zurma hanci. In aka ɗiga ruwa kaɗan sai hayaƙin ya ja baya, gishirin teku da wani ɗan zaƙi su fito. Ƙanƙara danne ƙamshi take yi, amma in baƙo ya nema, a ba shi abinsa.

Kafin in bar wurin, manajan da kansa yake turo mini baƙi masu tambaya. Yaron da ya gaje ni kuwa, ranar farko na buɗe masa Laphroaig, na ce ya shinshina.