Ƙwai, ganyen shayi da littafin bashi

A zangon karatun da ya wuce malaminmu na tarihin tattalin arziki ya ba ni aiki kan cinikin ƙauyukan Ireland na da, ni kuwa na ɗauka ba wani abu ba ne, ba ni gishiri in ba ka manda ne kawai, in rubuta shafi biyu in huta. Ashe da sauran rina a kaba.

Abin da na fi dogara da shi rubutun 'yan firamare ne. Tsakanin 1937 da 1939 an sa yara sama da 50,000 su tambayi tsofaffinsu yadda ake rayuwa a da, su rubuta. Labarin ranar kasuwar shanu sai ka rantse a kara kake. Akwai dillali da ke shiga tsakani, mai saye ya yi fushin ƙarya ya juya zai tafi, a janyo shi, a raba bambancin kuɗin biyu, sannan a tofa yawu a tafin hannu a tafa, shi ke nan an sallama. Bayan an biya kuma mai sayarwa ya mayar da ɗan wani abu, wai kuɗin sa'a, kusan gyara dai irin tamu. Har yau ana cin kasuwar dawaki a garin Ballinasloe duk watan Oktoba.

Wannan ɓangaren ya burge ni har na kusa tsayawa a nan, amma malam ya dawo min da takardar ya ce, to waye ke yanke farashi?

Sai na koma kan ƙwai. Mata ke kiwon kaji, su kai ƙwai kanti a ba su ganyen shayi da sukari da taba, sau da yawa ko kwabo ba ya shiga hannunsu. Mai kanti shi zai faɗi kuɗin ƙwan, shi zai faɗi kuɗin shayin, in bai kai ba ya rubuta a littafi sai an sayar da alade ko ɗan da ke Amurka ya aiko. Wanda ke ɗora ruwa a kan bashin har suna gare shi, gombin, kuma zagi ne.

Gaskiya abin ya ɗan taɓa ni, don lokacin hutu ni ke riƙe littafin bashi a shagon kawuna. Da wata tsohuwa ta kawo gero kwano biyu tana son sabulu da Maggi, sai da na fita na tambayo nawa kwano yake a kasuwa ranar kafin na rubuta, Kawu yana ta hararata.