Ni da farashin Bitcoin a daren jiya

Bayan sallar isha'i na zauna a ɗakina nan Jidda, na ce yau sai na ga bayan aikin nan. A da manhajar da na rubuta da yaren kwamfuta na Python zarya take yi tana tambayo farashin Bitcoin, kamar yaron da ake ta aike kasuwa. Sai na ɗauko CCXT, wani kunshin kayan aiki da ke haɗa manhaja da kasuwannin kirifto, wato kuɗin intanet irin su Bitcoin, na kira umarninsa na watch_ticker, mai aiki da hanyar sadarwa da ake kira WebSocket. Shi WebSocket layi ɗaya yake buɗewa ya bar shi, kasuwar da kanta take turo farashi da zarar ya motsa.

Wallahi da lambobin suka fara zubowa a baƙin allon nan, shayina ya huce ban sani ba. Na ƙara wa manhajar umarni guda mai ninka dala da 3.75, don in gani da riyal.

Inda na kwafsa, ban sa abin da zai sake haɗa layin in ya yanke ba. Da asuba na tarar tun ƙarfe 2 komai ya tsaya cik, ita kuwa kasuwar kirifto ba ruwanta da dare ko Juma'a.

Yaya ya leƙo ya ce, "Auta, nawa aka ci?" Na ce, "Yaya, ko riyal ɗaya ban zuba ba, kallo kawai nake."