Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Itatuwan Patcham

Makon jiya mun tsaya inda na bar wankin kwanuka na shiga aikin itatuwa a Brighton, wani gari a kudancin Ingila. Masu jiran labarin auren Yaya Babba su ƙara haƙuri, yau ma zancen itacen nan da Turawa ke kira elm ne ya tsaya mini a rai.

Patcham unguwa ce a arewacin garin, a gindin tuddan South Downs. Ƙasar wurin alli ce, iskar teku kuma da gishiri take zuwa, ba kowane itace ke jure hakan ba. Elm yana jurewa, shi ya sa mutanen da suka jera shi a bakin tituna. Da cutarsa ta ɓarke a ƙarshen shekarun 1960, ta kashe sama da miliyan 25 a Birtaniya. Tuddai ta arewa da teku ta kudu suka kare Brighton, hukumar gari kuma ta tashi tsaye. Har gobe akwai wajen 17,000 a garin.

Baffa, Allah ya jiƙansa, ba ya rasa cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar a nan, mutum ne ke yin ta. Wani ƙaramin ƙwaro ke ƙwai a ƙarƙashin ɓawon elm ɗin da ya mutu ko yake kan mutuwa. Da zafi ya shigo 'ya'yan sai su fito ɗauke da funfuna a jikinsu, su tashi zuwa lafiyayyen itace, su ci ɓawo a mahaɗar ƙananan rassa. Funfunar ta shiga hanyoyin ruwa, itacen ya toshe su don ya tare ta, ƙishirwa ta kashe shi. Daga watan Yuni za ka hangi reshe guda ya yi rawaya, saura na kore shar, kan tohon ya lanƙwashe kamar ƙugiya. Ɓare ɓawon da wuƙa. In ka ga zane-zane masu ruwan ƙasa sun bi tsawon reshen, magana ta ƙare.

Idan cutar tana can sama, a sare reshen da wuri, wani lokaci a tsira da itacen. Idan ta sauko, sai a zagaye gindin da zarto, a cire ɓawo da sabon naman itacen don kada ta kai saiwa, domin elm ɗin da ke jere a titi saiwoyinsu kan haɗe, ta ƙasa cutar ke tsallakawa. Akan haƙa rami tsakanin biyu a datse su. Sannan a kayar, a ɓare, a ƙone. Ba a yi wa elm aski da zafi, sai da sanyi, lokacin da ƙwaron ya lafa.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne wani maigida a wani layi da ba zan ambata ba. Ya sayi itacen murhu ya jibge a bayan gida, elm ne da ɓawonsa. Na ɗaga ɓawon na nuna masa hanyoyin da tsutsar ta sassaƙa, na ce, "Yallaɓai, wannan kayan zai cinye layin nan." Ya ce kuɗinsa ne. Kafin zafi biyu mun kayar da itatuwan da suka girme shi. Bango ya tsage, Baffa. Ko a 2019 da aka sare ɗaya daga cikin tagwayen elm ɗin nan na lambun Preston Park, masu kimanin shekara 400, fuskar mutumin nan ce ta faɗo mini.

Hanyoyin ƙafa ma suna da nasu. Wadda ta tsallaka babban titin A27 ta hau zuwa Chattri, wurin tunawa da sojojin Indiya da aka buɗe a 1921, kowa na son ta, amma mu shingayen gefen ƙananan hanyoyi muke dubawa. Nan elm ke sake tsirowa daga tsohuwar saiwa ba mai kula, sai ya yi kauri ƙwaron ya same shi. A alamun da ke bakin hanyoyin, kibiya rawaya ta masu ƙafa ce, shuɗiya har da doki da keke. In an yi ruwa allin nan santsi gare shi, mai sabon zuwa ya bi ta kan ciyawa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, ambaliyar 2000, da ruwa ya ɓullo daga ƙarƙashin ƙasa a titin Old London Road na Patcham.